Lesin Yamma da Makomar Darasin Hausa a Yola da Jimeta

Duk mai lura da al'amuran ilimi a Yola da Jimeta ya san cewa ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare makaranta biyu yake yi. Da safe yana makarantar da aka yi masa rajista, da la'asar kuma yana wajen lesin, wato darasin kuɗi na share fagen jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Daga Adarawo a cikin garin Yola har zuwa Jambutu da Karewa a Jimeta, abin ya zama jiki. Masani Mark Bray, a littafin da ya wallafa ƙarƙashin UNESCO a 1999, ya kira irin wannan tsari ilimin inuwa, domin duk inda jarrabawa ta karkata, can yake karkata.

Ba wuya a gane dalilin bunƙasarsa. Jami'a na neman kiredit biyar, ciki har da Ingilishi, da kuma Lissafi a yawancin fannoni. Tun 2015 kuma JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, alhali yara da yawa ba su saba da na'urar ba. Uban da ya biya kuɗin lesin bai yi laifi ba.

Abin da ya shafe mu shi ne matsayin Hausa a wannan kasuwa. Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2004, ta sa ɗaya daga manyan harsunan Nijeriya uku cikin darussan dole na babbar sakandare. Manhajar da aka soma aiki da ita a 2011 ta mayar da su na zaɓi. Mai lesin ɗan kasuwa ne, abin da ake nema yake kasawa. Saboda haka Ingilishi da Lissafi da kimiyya suka cinye jadawalinsa, Hausa kuwa sai in jarrabawa ta ƙarato a raba wa yara tambayoyin shekarun baya. Hujjar iyaye ita ce, wanda ke ciniki da Hausa a kasuwar Jimeta, me za a koya masa?

A nan kuskuren yake, kuma ya fi muni a Adamawa bisa ga Kano ko Katsina. Ɗalibai da dama a Yola da Jimeta harshensu na gida Fulatanci ne ko Bacama ko Camba ko Margi ko Kilba, Hausa ta hulɗa ce gare su. Hausar hulɗa ba ta cika damuwa da jinsi ba, sai a ji "yarinya ya zo". Fulatanci yana da ɓ da ɗ, amma ba shi da ƙ da ts, don haka yaro kan rubuta "kafa" inda ake nufin "ƙafa", ko "sara" a maimakon "tsara". Mai maka takarda kuwa da Daidaitacciyar Hausa yake awo. Ke nan ɗalibin da ya fi kowa bukatar ƙarin darasi a Hausa shi ne wanda aka tabbatar wa cewa ba ya bukata.

Ko inda aka koyar da ita, hanyar abin dubawa ce. Manhaja ta tanadi harshe da adabi da al'ada, ta kuma nemi ɗalibi ya karanta littafin da aka zaɓa, ya iya insha'i da fassara. Lesin ya taƙaita duk wannan zuwa 'yan shafuka: sunan marubuci, jigo, taurari, sai dabarun amsa tambayoyin canki-canka. Yaro na iya samun kiredit bai taɓa buɗe littafin ba. Irinsa ne ke zuwa Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola neman NCE a Hausa, bayan shekara uku a ba shi alli.

Akwai kuma malamin da ke tsakurar darasi da safe domin ya cika shi da yamma ga waɗanda suka biya. Ba kowa ke yi ba, kuma albashin malami ba ɓoyayye ba ne, amma ɗan talaka ne ke kwana ciki.

Masu cewa a haramta lesin su dubi Koriya ta Kudu. Ta haramta shi a 1980, ya koma ɓoye, kuɗinsa ya tashi, har kotun tsarin mulki ta soke haramcin a 2000. A ganinmu gyaran yana hannun masu tsara manhaja da hukumomin jarrabawa. In aka ƙara wa insha'i maki, aka riƙa yin tambayoyin adabi da sai wanda ya karanta littafin zai iya amsawa, mai lesin da kansa zai nemo littafin. Haka nan bambancin da manufar 2004 ta yi a ƙaramar sakandare tsakanin mai koyon harshe a matsayin na farko da mai koyonsa a matsayin na biyu ya kamata ya kai babbar sakandare, a tanadi darussa na musamman kan jinsi da baƙaƙe masu ƙugiya da ƙa'idojin rubutu domin jihohi irin Adamawa da Taraba.