Gunguni Da Buɗe Baki: Faifan R.E.M. Na Farko

'Yar'uwa, mu dai mun saba waƙa sai da zance. In mawaƙi bai fito da magana fes ba, sai mu ce wannan kuma ina ya dosa? To yau ga labarin wasu mawaƙan Amurka da suka yi suna alhali ba a jin abin da suke faɗa, ranar da kuma suka buɗe baki aka yi musu gurguwar fahimta.

Sunan ƙungiyar R.E.M., kiɗansu kuwa irin na jita da ganga ne da ake kira rok. Su huɗu ne: Michael Stipe mai waƙa, Peter Buck mai jita, Mike Mills mai jitar nan mai kaurin amo, sai Bill Berry makaɗin ganga. A garin Atens na jihar Jojiya suka haɗu, garin 'yan jami'a. Buck yana tsaron shagon sayar da faifai, Stipe kuma yana yawan zuwa saye, a nan abota ta ƙullu. Wasansu na farko ranar 5 ga Afrilu 1980 suka yi shi, a bikin zagayowar haihuwar wata ƙawarsu, cikin wani tsohon coci da aka daina amfani da shi. A 1981 wani ɗan ƙaramin kamfani, Hib-Tone, ya buga musu waƙar "Radio Free Europe", kwafi 1,000 kacal a bugun farko. Daga nan sai yawon wasa gari-gari a tsohuwar mota, ba kuɗi ba gata.

A 1983 suka fitar da cikakken faifansu na farko, Murmur, ma'anarsa gunguni. Kai, sunan ya dace! Muryar Stipe ta nutse cikin kiɗa, ki kasa kunne ki tsinci kalma biyu, ta uku ta sulale. Wasu suka ce lalaci ne. Ni a ganina ba haka ba ne. A faifan nan babu wanda ya danne wani. Murya ba ta fi jita ba, jita ba ta fi ganga ba, Mills yana amshi can ƙasa-ƙasa kamar mai lallashi. Haka ma suka yi da dukiyarsu: kowace waƙa sunan su huɗu ake sa wa, kuɗin a raba daidai, ko wa ya ƙirƙiro ta. Abin da ke cikin zamansu shi ya fito a kiɗansu. Mujallar Rolling Stone ta zaɓi Murmur a matsayin faifan da ya fi kowanne a shekarar, har ta ɗora shi a kan Thriller na Michael Jackson, duk da cinikinsu ko kusa ba ɗaya ba.

Amma fa kada son abu ya rufe mana ido. Gunguni yana da iyaka. Reckoning na 1984 ya fi kuzari da haske, sai dai Fables of the Reconstruction na 1985, wanda suka je Landan suka ɗauka, ya yi nauyi. Sanyi da kewar gida sun dame su har ƙungiyar ta kusa watsewa, kuma ana jin gajiyar a wasu waƙoƙin. A nan duhun murya ya tashi daga ado ya koma labule. Su ma sun lura, don a Lifes Rich Pageant na 1986 muryar ta fito fili.

Sai 1987, shekarar Document, faifansu na farko da ya haura kwafi miliyan 1. Waƙar da ta ja cinikin ita ce "The One I Love", wato wadda nake so, ta kai ta 9 a jerin waƙoƙin Amurka. Masoya suka yi caa a kanta, saurayi ya sa a saka wa budurwarsa a rediyo, ita kuma tana murmushi. Allah Sarki! Waƙar ba ta soyayya ba ce. Labarin namiji ne da ya mai da mace abin wasa, ya yar da ita ya ɗauki wata. Kalmomin a fili suke, amma suna mai daɗi da kiɗa mai zaƙi sun toshe kunnuwa.

To kin ga inda gizo ke saƙar. Murmur ya tilasta wa mai sauraro ya matso, ya maimaita, ya yi tunani, shi ya sa bai yaudari kowa ba. Waƙar da ta zo da sauƙi kuwa, an haɗiye ta ba tauna. Don haka ni Murmur nake ɗorawa gaba da Document, ko da na biyun ne ya buɗe musu ƙofar babban kamfanin Warner a 1988. Berry ya bar su a 1997 ya koma noma, sauran suka rabu lafiya a 2011, bayan shekara 31.

'Yar'uwa, ko a waƙa ko a zance, in an kira ki da suna mai daɗi, ki tsaya ki ji ƙarshen maganar tukuna.