Rumbun Nkrumah Ya Farfaɗo a Tamale

Kai, Ibrahim Mahama ya burge ni! Duk ɗan Maruwa ko Garwa da hanya ta kai shi Gana, kada ya yarda ya dawo bai leƙa Nkrumah Volini a Tamale ba.

Wani ƙaton rumbun kankare ne da aka soma ginawa zamanin Kwame Nkrumah don ajiyar amfanin gona. Da sojoji suka hamɓarar da gwamnatinsa a 1966, aiki ya tsaya cak, gini ya koma kango fiye da shekara 50. Mahama, ɗan garin da aka haifa a 1987, ya yi suna ne wajen harhaɗa tsofaffin buhunan koko da na gawayi yana lulluɓe manyan gine-gine da su, har a baje kolin Venice na 2015. Da ribar wannan sana'a ya sayi kangon, ya yashe shi, ya buɗe wa jama'a a 2021.

Abin da ya fi sace mini zuciya shi ne bai yi wa ginin kwalliyar ƙarya ba. Ya bar kankaren tsirara da duk tabon da shekaru suka yi masa. Hatta jemagun da ya tarar a ciki bai kore su ba, ya ɗauke su a matsayin masu gida. Wa ya taɓa ganin irin wannan karamci? A wata cibiyar tasa kuma, Red Clay, ya jawo tsofaffin jiragen sama ya mai da su azuzuwa, yara 'yan makaranta na zane a cikinsu. Madalla da wannan kai!

Kada a ce abin ya fi ƙarfinmu. Gidan zane na Zeitz MOCAA da aka buɗe a Cape Town a 2017 shi ma tsohon rumbun hatsi ne, kuma 'yar Kamaru, marigayiya Koyo Kouoh, ce ta shugabance shi daga 2019 har zuwa rasuwarta a 2025.

Ga tashar jiragen ruwa ta Garwa can a bakin Binuwai, harkarta ta ja baya tun tuni. A ba majema da dukawan Maruwa, da masaƙa, da ɗaliban jami'armu sito ɗaya tak daga cikin nata, su baje aikinsu. Ni zan fara sayen tikiti.