Rakmaninof: sulhu da tsohon ciwo

Masu sharhi sun daɗe suna yi wa Sergei Rakmaninof (1873-1943) kallon mutumin jiya: wai zamani ya wuce ya bar shi yana kuka bisa piyano. A ganina, hukuncin bai yi adalci ba.

A dubi lissafi. Kafin ya bar Rasha a 1917, ayyukansa masu lamba sun kai 39, har da konserto na biyu na 1901, wanda ya fid da shi daga dogon shiru bayan an yi tir da samfoninsa ta farko a 1897. A shekara 25 na zaman baƙunta, 6 kaɗai ya ƙara. Neman abinci ya mai da shi makaɗin yawo tsakanin Amurka da Turai.

Amma a saurari aikinsa na ƙarshe, Raye-rayen Samfoni na 1940. A ƙarshen kashi na farko, sai ga karin waccan samfoni ya dawo cikin natsuwa, alhali kusan ba mai gane shi. Wannan ba raki ba ne. Dattijo ne ya sasanta da ciwonsa. Malamin da ke koyar da adabin hijira, ya sa wa ɗalibai su ji.