Yoga a Ajin Yara Ƙanana

Wanda ya leƙa ajin yoga na 'yan shekara 4 a Landan ko Mumbai ba zai tarar da kowa ya harɗe ƙafa ya yi tsit ba. Malama ce durƙushe a kan tabarma tana ba da labarin shiga daji. In an gamu da kyanwa, kowa ya dafa ƙasa ya turo bayansa sama. In kumurci ne, a kwanta rub da ciki, a ɗago ƙirji ana huci. Zaki kuwa sai an zaro harshe an yi ruri. Numfashin ma da dabara ake koyar da shi: a kwantar da yaro rigingine, a ɗora masa 'yar tsana a ciki, ya zuba mata ido tana hawa tana sauka. Ba a ce masa ya natsu ba, amma ga shi ya natsu.

Nan gwanintar take. Yaro bai san wani abu wai shi daidaiton jiki ba, amma ka ce masa ya zama bishiya, zai tsaya da ƙafa ɗaya yana tangal-tangal, ya faɗi, ya tashi da dariya ya sake. Duk wanda ya yi langa a dandali ya san abin da ƙafa ɗaya ke koya wa jiki.

Yogar zamani ma da yara ta girma. A shekarun 1930, a makarantar da sarkin Maisur ya ɗauki nauyinta a kudancin Indiya, yawancin ɗaliban malamin yoga Kirishnamacarya yara maza ne da samari, kuma atisayen da yake ba su na zufa ne, daga wannan tsayuwa a faɗa waccan ba hutawa.

Inda nake da ja shi ne makarantun da ke mai da yoga hanyar kashe bakin yara. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar motsi na aƙalla minti 180 a yini, 60 daga ciki mai sa haki. Ɗan miƙe-miƙen ajin yoga ba zai cike wannan ba. Makarantar da ta rage lokacin guje-guje don ta shimfiɗa tabarmi ta ci haƙƙin yara, komai kyan niyyarta.

Sai batun addini, wanda bai kamata a yi masa rufa-rufa ba. Yoga ta tsiro ne cikin addinan Indiya, kuma akwai jerin motsin da sunansa ma gaisuwar rana. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yogar da ke haɗe da ibadun Hindu. Jihar Alabama ta Amurka ta hana yoga a makarantun gwamnati a 1993. Da aka ɗage haramcin a 2021, an gindaya sharaɗi: ba rera addu'o'i, ba gaisuwar “namaste”, kuma kowane motsi a kira shi da sunan Ingilishi. Wasu Indiyawa na ganin irin wannan tankaɗe da rairaya fashin gado ne, kuma ƙorafinsu abin saurare ne. Duk da haka ina bayan iyayen da ke son a faɗa musu dalla-dalla abin da za a sa 'ya'yansu su furta kafin su amince, domin ɗan shekara 4 duk abin da malama ta faɗa maimaitawa yake yi.