Kama da wane ba wane ba ne: waiwaye kan fim ɗin Don Siegel na 1956

A cikin finafinan ƙirƙirar kimiyya da Amurka ta fitar a shekarun 1950, kaɗan ne suka riƙe ƙarfinsu kamar «Invasion of the Body Snatchers», wanda Don Siegel ya shirya a 1956 daga littafin Jack Finney. Baƙi-da-fari ne, tsawonsa kamar minti 80, kuma babu dodo ko ɗaya a cikinsa.

Likita Miles Bennell, wanda Kevin McCarthy ya fito a matsayinsa, ya dawo garinsu Santa Mira a Kalifoniya, sai ya tarar da wata irin ƙara: yaro na cewa uwarsa ba uwarsa ba ce, wata mata na cewa kawunta ba shi ba ne. Fuska ɗaya, murya ɗaya, har tsofaffin labaran gida duk yana tune da su. Abin da ya ɓace kawai shi ne tausayi. Daga baya aka gano wasu manyan kwansuna, irinsu daga sararin samaniya, waɗanda ke tsirar da kwafin mutum, su maye gurbinsa in ya yi barci.

Gwanintar Siegel tana nan. Barci, wanda ba mai iya guje masa, shi ya zama ƙofar halaka. Tsoro kuwa yana fitowa daga maƙwabci da ɗan sanda, har da likitan ƙwaƙwalwa mai kwantar da hankalin jama'a. Wurin da ya fi girgiza mai kallo shi ne inda Miles ya sumbaci masoyiyarsa Becky, wato Dana Wynter, ya ga idonta ya yi sanyi.

Masu nazari sun rabu biyu. Wasu na ganin gargaɗi ne kan gurguzu, wasu na ganin suka ce ga farautar da sanata Joseph McCarthy ya jagoranta. Yaƙin cacar baka ya ƙare, fim ɗin bai tsufa ba, domin batunsa ya fi siyasar lokacin zurfi: yadda al'umma ke sayar da jin kai don ta sami kwanciyar hankali.

Rauninsa shi ne farko da ƙarshen da kamfanin Allied Artists ya tilasta a ƙara, inda hukuma ta gaskata likitan. Wannan ya rage ɗacin ihun Miles a kan babbar hanya, motoci na wucewa ba mai saurare. Malamin da zai nuna wa ɗalibai fim ɗin, ya tsaida shi a nan, ya tambaye su ko su da sun tsaya.