Teburin Shayin Njideka da Falukanmu na GRA

Mun saba jin labarin 'yan Afirka mazauna ƙetare ta fuska biyu: ko kwale-kwale ya kife da su a Bahar Rum, ko wani ya yi fice an ba shi lambar yabo. Abin da ke tsakanin nan, wato karin kumallo da hirar falo da zaman miji da mata, ba kasafai ake ganin ya isa a zana ba. Njideka Akunyili Crosby ta ce ya isa.

An haife ta a Enugu a 1983, 'ya ce ga marigayiya Dora Akunyili wadda ta shugabanci NAFDAC. Ta tafi Amurka a 1999 tana da shekara 16, ta kammala digiri na biyu kan zane a jami'ar Yale a 2011, yanzu tana zaune a Los Angeles. Yadda take aiki shi ne ta tattaro hotunan iyali da na mujallun Nijeriya, ta shafa musu sinadari su like a kan takarda a dusashe, sannan ta bi da fenti da fensir. Daga nesa ɗaki kake gani. In ka matso, sai ka tarar bango da daɓe, har da fatar mutanen ɗakin, cike suke da fuskokin mawaƙa da amare da shugabannin soja.

Dubi zanenta na 2013, "Tea Time in New Haven, Enugu". Teburi ne da kayan shayi. New Haven sunan garin da Yale take ne, kuma sunan wata unguwa ce a Enugu. A wane gari teburin yake? Ba ta raba gardama ba, domin wanda ya bar gida a wuri biyu yake karya kumallo. Nan ƙarfinta yake: ba ta kukan kewa, kayan ɗaki ta bari suna ba da shaida. Shayin nan ma gadon Ingila ne da ya zama na gida, kamar yadda matasan Zaria Art Society, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka nema tun 1958: a karɓi dabarar baƙo a yi maganar gida da ita.

Sai dai kada yabo ya rufe mana ido. Nijeriyar Njideka ta kudu ce, ta gidan 'yan boko masu rufin asiri. Ba za ka ga mai wankin mota ba, ko wanda takardarsa ta ƙare yana ɓuya. Wani lokacin kuma tarin hotunan yakan yi yawa har ya zama ado, ido ya gaji kafin ya karanta. Ga kasuwa: a 2017 an sayar da "The Beautyful Ones" a Landan kan sama da dala miliyan 3. Zanen da ya fito daga falon iyali ya koma inda iyalin Enugu ba sa ganinsa sai a waya.

To mu fa? Mu da ke Katsina ba baƙin wannan magana ba ne. GRA kanta Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe ta domin su yi zaman Ingila a ƙasar Hausa. Da suka tafi muka gaji gidajen, muka shimfiɗa dardumar Makka kusa da kushin, muka rataya hoton Ka'aba a saman talabijin, turaren wuta na tashi. Falon GRA zanen Njideka ne da ba a riga an zana ba. Jeren kwanukan amarya ma ai kundin tarihi ne: kowane kwano da wadda ta kawo shi.

Ƙaura kuwa mun daɗe da saninta. Fataken goro sun kafa zango a Salaga da Kumasi, ga Sabo a Ibadan, ga zuriyar mahajjatan ƙafa a Sudan, ga 'yan uwanmu a Jidda. Mohammed Naseehu Ali ya rubuta rayuwar zango a "The Prophet of Zongo Street" a 2005. Amma ɗakunan mutanen nan, da tabarma da buta da tukunyar tuwo a ƙasar da ba a noma dawa, su wa ke zana su?

Za a ce addini ya yi tsaiko kan zanen mai rai. Muna girmama wannan, amma ba ya hana zana faifai da rediyo da takalman da aka tuɓe a bakin ƙofa. Magina a Zariya da Kano sun ƙawata bangaye ba tare da fuska ko ɗaya ba. Abin da ya rage mana shi ne mu yarda ɗakinmu ya isa kallo. In ba mu zana shi ba, jikokinmu na ƙetare za su gaji labarin isowa da na wahala, su rasa sanin yadda kakarsu ta jera kayanta.