Tsatsa da Ƙyalli: Darajar Tsofaffin Takubban Karkarar Kano

A ƙauyukan da ke arewa da birnin Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa, Bichi da Dambatta, inda gona ke manne da gona har daji ya ƙare, takobi bai ɓace ba. Yana nan a gidajen dagatai da masu unguwanni, da gidajen da kakanninsu suka yi barance a fada, wani a rataye a bango, wani a ƙasan adaka tare da tsohuwar alkyabba. Idan sallah ta matso kuma hakimi zai shiga birni da jama'arsa, sai a tuna da shi, a zaro shi, a tarar ya yi ja, a aiki yaro ya kai wa mai injin washi ya goge shi har ya riƙa ɗaukar ido. Maigida yana ganin ya kyautata wa kayan gado. A ganina, irin wannan gyara shi ne babban abin da ke kashe tsofaffin takubbanmu, ya ma fi tsatsar da ake gudu ɓarna, domin abin da tsohon takobi ya fi sabo da shi abu biyu ne: shaidar da ke jikin ƙarfensa, da labarin hannuwan da ya ratsa. Injin washi yana cinye na farko, rashin rubutu yana cinye na biyu.

Akwai dalilin da ya sa wannan yanki ya tara makamai. Nan ne Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ya daɗe yana fafatawa da Ɗan Tunku, har ya mai da Fanisau sansaninsa, kuma a can Baturen nan Clapperton ya same shi a 1824. Ta nan mahara daga Maraɗi suke shigowa. A zamanin Sarki Alu, a ƙarshen ƙarni na 19, rundunar Damagaram ta kutso har aka gwabza a Tattarawa. Manyan gidajen sarauta irin na Madaki a Dawakin Tofa da na Sarkin Bai a Dambatta suna da mahaya da barori da dama, kuma da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903 yaƙi ne ya ƙare, takubban kuwa gida suka koma. Takobin da ke rataye a zauren wani dagaci a yau yana iya zama ɗaya daga cikinsu, yana kuma iya zama wanda aka ƙera shekara talatin da suka wuce da ƙarfen sifirin ɗin mota. Idan an goge su duka sun yi fari tas, ko gwani sai ya sha wahala kafin ya bambance.

Ƙasar da ta fi kowace yin nisa wajen adana takobi ita ce Japan, kuma abin da ya fi ba da mamaki a tsarinsu shi ne yadda suke girmama tsatsa. Takobinsu yana da wutsiyar ƙarfe da ke shiga cikin mariƙi, ƙusar gora guda ce ke riƙe da ita, don haka ana iya zare mariƙin a duba. A kan wutsiyar maƙeri yake sa sunansa, wani lokaci har da shekara. Wannan wuri ba a taɓa goge shi, domin launin baƙar tsatsar da ta kwanta a kai da sawun magagarin maƙerin su ne ke nuna shekarun takobin, kuma wanda ya kankare ta ya zubar da mafi yawan kuɗinsa. Ruwan takobin kuwa ba kowa ke wasa shi ba. Mai wannan sana'a yakan shafe kusan shekara goma yana koyo, yana aiki da duwatsu iri-iri da hannu, kuma masana suna ƙin yawan washi saboda kowane washi yana rage ƙarfen da ba zai dawo ba. Ba daga sama suka sami wannan tarbiyya ba. A 1876 gwamnatinsu ta hana yawo da takobi, sannan bayan 1945 sojojin Amurka suka tattara takubba masu ɗimbin yawa, aka lalata wasu, aka kwashe wasu zuwa ƙetare. Ganin abin zai ƙare ne ya sa aka kafa ƙungiyar adana takubba ta NBTHK a 1948, wadda har yau take duba takobi ta ba shi takardar shaida bisa matakai huɗu na daraja.

Mai musu zai ce kwatancin bai yi ba, kuma maganarsa tana da ƙarfi. Takobin Japan a Japan aka narka ƙarfensa, an san maƙerinsa, irin su Masamune da ya rayu wajen shekara ta 1300. Namu fa? Baturen nan Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kusan 50,000 ake shigowa da su kasuwar birnin a kowace shekara, mafi yawansu daga garin Solingen na Jamus. Ke nan, in ji mai musun, kayan kanti ne na Turai da aka yi da yawa don fatauci, me za a adana a ciki? Amsar ita ce, abin da ya ratso Sahara a kan raƙumi guntun ƙarfe ne tsirara, ba shi da mariƙi, ba shi da kube. A nan ya zama takobi. Maƙeran baƙi suka ɗora masa mariƙi da abin kare hannu, maƙeran fari suka yi masa adon tagulla ko azurfa, dukawa suka ɗinka kube da jar fata da tsanwa suka buga masa zane, masu saƙa suka yi hamila. Daga Kano kuma ya sake fita zuwa ƙasar Azbin da Barno da Nufe. Takobi guda yana ɗauke da aikin sana'o'i huɗu ko biyar na ƙasar nan, da tarihin hanyar fatake tun daga Tarabulus. Kuma ba duka ne na waje ba: maƙeranmu sun ƙera nasu da tama, har suna kwaikwayon tambarin Turai, musamman jinjirin wata biyu masu fuska da ake bugawa a tsakiyar ruwan, saboda mai saye ya ɗauke su alamar nagarta. Kakanninmu ma ba kallon bai ɗaya suke yi wa takubba ba. Sun san tamogashi mai layi uku a jikinsa, da dunhu marar zane, da fate-fate mai faɗi, da bisalami mai lanƙwasa, kowanne da farashinsa. Ilimin tantancewa ya taɓa zama a kasuwar Kurmi da zaurukan fada. Barinsa aka yi ya mutu bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tarkacen ƙarfe ya yi arha, narkar da tama ta ja baya.

Wanda ya ɗora tsohon takobi a kan tabarma ya dube shi da hasken safe zai ga abin da ake nufi da shaida. Layukan da ke bin tsawon ruwan, idan na masana'anta ne, sukan tafi sambal da zurfi ɗaya; idan maƙeri ne ya kwarzane su da hannu sukan ɗan karkace. Jinjirin watan da aka buga da hatimi a kan ƙarfe mai zafi yana da gefe mai tsabta, wanda aka sassaƙa daga baya kuwa yakan fito da ido ɗaya sama ɗaya ƙasa. Tsinin da ya zagaye, da ruwan da ya sirance daga tsakiya zuwa baki, suna nuna shekarun da aka yi ana wasa shi don aiki. Wani za a ga an yi masa ƙari da farantai biyu na ƙarfe kusa da mariƙi an ɗaure da ƙusa, alamar ya taɓa karyewa ko an ga ruwan ya yi daraja da yawa a yar. Duk waɗannan ba su wuce kaurin farce ba, minti kaɗan a bakin injin sun tafi, kuma zafin injin yana iya sassauta taurin bakin har abada. Abin da takobin yake buƙata bai kai haka tsada ba. Jar tsatsa mai gari ita ce mai ci, ana tsayar da ita da man keken ɗinki da tsumma mai laushi, a shafa a bari ya kwana a goge, a maimaita. Baƙin da ya kwanta lumui a jikin ƙarfe a ƙyale shi. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su yi danƙo su kama ƙura. Gumin yatsa yana barin tabo. Da damina kada a bar ruwan a cikin kube wata da watanni, domin fatar da aka jeme da bagaruwa tana riƙe laima tana kuma cin ƙarfe. Kada kuma a jingina kuben da bangon ƙasa inda gara za ta same shi. Sannan a nan dole mu saɓa wa Japanawa: mariƙin takobinmu dakan dindindin aka yi masa a ƙarshen wutsiya, wanda ya ce zai cire don ya leƙa ciki sai ya fasa.

Akwai wata hujjar da ta fi ta farko nauyi. Za a ce takobin Bahaushe ba kayan kallo ba ne, abin hawa ne, kuma sabunta kube da hamila al'ada ce tun fil azal. Da ba a sabuntawa da dukawa sun rasa aiki, da kuma takobin bai kawo yau ba. Wannan gaskiya ne, kuma hawan sallar Kano, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024, ba zai yi armashi da mahaya masu rataye da ruɓaɓɓun kube ba. Amma sabunta kube daban, jefar da tsohon daban. Japanawa kansu suna da kube biyu: na ado don fita, da na farin itace marar fenti don ajiya. Babu abin da zai hana a ɗinka sabo don hawa a naɗe tsohon a ajiye, tunda zanen da ke jikinsa yana iya nuna garin da aka yi shi. Wanda kuma yake son abin da zai walƙa a rana lokacin jafi, ga sababbin takubba nan maƙera suna yi, sayensu ma taimakon sana'ar ne. Na kaka ya fito a rataye, ba sai an zare shi ana kaɗawa ba.

Ɓangaren labari ya fi wuya. Kusan duk gidan da ke da tsohon takobi za a ce maka da shi aka yi jihadi, kuma ba zai yiwu duka su zama gaskiya ba. Wasu na ganin wannan ya isa a yi watsi da zancen baka gaba ɗaya. Sai dai ko a Japan sunayen jabu a kan wutsiyar takobi sun yi yawa ƙwarai, shi ya sa tun ƙarni na 16 iyalin Hon'ami suke da aikin tantancewa da ba da takarda; yawan ƙarya bai sa sun daina bincike ba, shi ya haifar da binciken. A nan ma an taɓa gwadawa. A 1964 masani A. D. H. Bivar ya wallafa nazari a kan makaman Arewa, inda ya duba takubban sarauta irin su Gajere na Katsina, wanda ake dangantawa da Korau, da takobin Daura da ake dangantawa da Bayajida, ya auna abin da baki ya faɗa da abin da ƙarfe ya nuna. Amma aikinsa a fadojin manyan sarakuna ya fi tsayawa. Na ƙauye, wanda labarinsa bai wuce kaka uku ko huɗu ba, ya fi sauƙin tabbatarwa, kuma mu mutane ne da suka san darajar isnadi. Dattijon da zai ce wannan na wane ne, ya ba wane, ya hau da shi zamanin Sarki Alhaji Abdullahi Bayero, ya ba da abin da za a iya gwadawa da jerin dagatan garin. Idan ya rasu ba a rubuta ba, abin da zai rage shi ne "na kakanni ne", wanda ba ya tabbatar da komai.

Matsin rayuwa ma yana da nasa hannu. A yankin da gona ke ƙara tsagewa a duk rabon gado, takobi ba ya rabuwa, sai a yi masa kuɗi, kuma sau da yawa dillali ne ko mai sayen tsohon ƙarfe zai faɗi kuɗin. Ba na ganin laifin magajin da ke neman kuɗin taki ya sayar. Abin takaicin shi ne yana sayarwa a makance, kuma takobin da aka goge, aka raba da kubensa da labarinsa, shi ne mafi arha a ko'ina. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, ta kuma sa abin da aka yi kafin 1918 a cikinsu, amma doka ba ta iya tsare abin da ba wanda ya san da shi. Kwashe su a kai gidan tarihi na Gidan Makama ma ba mafita ba ce, don gidan ba zai ɗauke su duka ba, kuma takobin da ya bar zuriyarsa ya bar masu ba da labarinsa. Ga kuma batun tsaro: saboda ta'asar 'yan daba, jami'ai kan yi kamen makamai, kuma a tsibin da aka tara babu mai tsayawa ya ware gariyo daga takobin shekara ɗari biyu. Japan ta ɗanɗana wannan. A watan Disamba na 1945 aka miƙa shahararren takobin nan Honjo Masamune ga ofishin 'yan sanda a Tokiyo, har yau ba a sake ganinsa ba. Maganin da suka yi shi ne rajista: kowane takobi na tarihi yana da katinsa daga hukumar ilimi ta lardi, mai ɗauke da tsawonsa da alamominsa, katin yana bin sa duk inda ya koma.

Mu muna da tsanin da zai ɗauki irin wannan aiki ba tare da an kafa sabon ofishi ba, daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi. Littafi guda a gidan kowane hakimi ya isa: hoton takobin gaba da baya da wayar hannu, tsawonsa, alamomin jikinsa, sunan gidan, da jerin waɗanda suka riƙe shi kamar yadda dattawa suka faɗa, da boko ko da ajami, a aika kwafi Gidan Makama. Kafin masarautu su motsa kuwa, duk mai irin wannan takobi a gida ya zauna da mafi tsufan zuriyarsa kafin sallar bana ya rubuta abin da ya sani, kuma kada ya kai shi wurin mai injin.